Ramin da Ke Fara Buɗewa

Sai da majigi ya haska hoton aikina a bango na ga an goge sunana.

Shekara huɗu ina duƙe kan madubin bincike, ina bin ƙwayar gado guda a jikin ɗan tayin bushiyar teku, wata halittar ruwa mai ƙaya, har na sa ta haska kore a gaɓar da take aiki kaɗai. Ruwan gishiri ya tsattsaga min hannu. Yau ga Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa gaban zaure cike da baƙi yana cewa "bincikena".

Na ɗaga hannu. Ya galla min harara.

"Ke, zauna!" Ya juya ga baƙin. "Mai wanke mana kwalabe ce," ya ce, aka kwashe da dariya.

Wata dattijuwar masaniya ta tambaye shi wace gaɓa ce ke haskawa. Ya dangwala sanda kan wani koren rami a hoton.

"Baki ne mana, ko yaro ya gani."

Duk wanda ya taɓa rainon wannan halitta ya san ramin da ke fara buɗewa a jikin tayinta ba baki ba ne.

Na miƙe.

"Dubura ce, ranka ya daɗe. Ko mai wanke kwalabe ta sani."