Tikitin Faris

Bayan la'asar Zaharaddeen, malami a jami'ar Wudil, ya shigo zauren su Juwairiyya yana washe baki. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya miƙa mata wayarsa.

"Tikitin shiga gidan zane-zanen Faris ne, idan na je taro. Wata uku kafin lokaci ake kama wuri. Kin ga zanen matar nan da ke rataye a bango? Ita duniya ke tururuwar gani."

Ta karanta kwanan watan, sannan ta dube shi sama da ƙasa.

"Ranar da Baba ya ce yana son ganinka kan maganar aurenmu ke nan."

Ya sosa ƙeya. "Ai Baba na gida ne, a ɗaga mana. Su can ba sa canza rana."

Ta taɓe baki, ta ajiye masa wayar a bakin tabarma da yatsu biyu.

"Sau uku ke nan ana ɗaga maka, Malam. Allah ya kiyaye hanya. In ka isa gabanta, ka tambayi bangon wa ke ba da aurenta."