Fasinjan Araha

Shekara goma sha ɗaya Ilu ya yi yana jan tsohuwar motarsa tsakanin Gagarawa da Gumel, ranar Alhamis kuma ya zarce kasuwar Maigatari. Ba ta kawo masa arziki ba, amma ba ta bar gidansa da yunwa ba. Sauran buƙatu kuma gonar gado ke cike su, wadda suke nomawa shi da yayarsa Kande, da ta dawo gida da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta.

Ana nan sai aka fara jigilar jirgin sama daga filin da ke birni zuwa Abuja da Legas. Gwamnati ce ta ɗauke wani kaso na kuɗin kowace kujera, don haka tikiti ya yi araha. Masu sayar da zoɓo da riɗi, da dillalan shanu waɗanda suka saba kwana da wuni a cikin bas, duk suka koma hawa jirgi. Har wanda ba shi da wani uzuri sai ya ƙirƙiro ziyara, don dai shi ma a ce ya hau.

Ilu ne ke kai su filin. Sau uku a mako motarsa na cika maƙil, wasu ma ya bar su a tsaye. Da ya ga haka, sai ya ƙudura sayen babbar mota mai sanyi, mai cin mutum goma sha huɗu.

Wata safiya a hanya ya gaya wa Alhaji Cindo, wani dattijon ɗan kasuwar zoɓo da yake yawan ɗauka.

"Alhaji, ka ga yadda mutanenmu suka waye? Yanzu ba mai komawa bas."

Alhaji Cindo ya ce, "Malam Ilu, ba wayewa ba ce, araha ce. Ni ɗin nan da ka gani, ranar da aka ce in biya kuɗin kujerata cif, ba za ka sake ganina a motarka ba. Ka tambaya tukuna, tallafin nan na shekara nawa ne?"

"Ai wanda ya ɗanɗana jirgi ba zai iya bari ba," in ji Ilu, yana dariya.

Bai tambayi kowa ba. Da ya koma gida ya sami Kande tana tankaɗe a tsakar gida, ya zauna ya kawo mata maganar sayar da gona.

"Yaya, damina ɗaya kawai za mu yi haƙuri. Kafin ta zagayo na saya mana wadda ta fi ta."

"Ilu, ni ban san harkar jirgi ba," ta ce. "Abin da na sani, a gonar nan marayun nan ke ci."

Kwana uku yana lallashinta. A ƙarshe ta yarda, ba don ta gamsu ba, sai don ba ta son a ce ita ta tare wa ƙanenta hanya. Aka sayar da gona, aka haɗa da tsohuwar motar, Ilu ya kawo sabuwa. Ya kuma bar layinsa a tasha, wani direba ya maye gurbinsa.

Wata tara komai ya tafi daidai. A na goma wa'adin tallafin ya cika, ba a sabunta ba. Kuɗin tikiti ya ninka har ya ɗora. Makon farko Ilu ya kai mutum biyar, na biyu ya kai mutum biyu. Kamfanin jirgin ya rage tashi zuwa sau ɗaya a mako, da ya ga kujeru ba kowa kuma ya daina zuwa gaba ɗaya.

Ilu ya gwada mayar da motar hanyoyin ƙauye. Ba ta jure yashi, ga shan mai, ga kayan gyaranta sai an je Kano. Kafin wata huɗu injinta ya buga. Abin da aka saye ta bai kai ya sayi ko rabin fegin gona ba.

Da ruwan farko ya sauka, unguwa ta watse, kowa ya tafi shuka. Ilu ya shigo ya tarar Kande ta ɗaure kayanta, yaran na tsaye a bayanta. Dangin mijinta da ke Ɗanzomo sun ce za su riƙe manyan biyu. Ƙananan kuma za ta tafi da su Gumel, inda ta samu aikin wanke-wanke a wajen wata mai sayar da abinci.

"Yaya, ki yafe mini," ya ce.

"Na yafe, Ilu. Amma yaran nan ba su taɓa kwana a rabe ba." Ta ɗora ƙunshinta a ka, ta kama hannun ƙaramin, suka fita.

Jama'a, cinikin da tallafi ya kawo yakan tafi ranar da tallafin ya tsaya. Kafin ka sayar da abin da iyali ke ci don bin wata kasuwa, ka bincika me ya tara mata mutane, kuma har yaushe.