Mai Karɓar Kwanci

Shekararta talatin da takwas, ma'aikaciyar jinya ce, bazawara, kuma ita kaɗai ke kula da mahaifiyarta da ba ta iya tashi. Lokacin hutun rana ta zauna a bencin bayan asibiti, tana kallon wani tafki da kyamara ke nunawa kai tsaye a wayarta. Wata tsuntsuwar ruwa mai jan ido na kwanci kan ƙwai biyu, sai waige-waige take yi. Ita ma ƙafarta ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Direban motar asibitin ya zauna a ƙarshen bencin.

"Sista, har yau ban ji amsata ba."

"Idan na tare a gidanka, wa zai riƙa juya Inna?"

Ya leƙa wayar. "Ina mijin wannan?"

"Ya tafi kamun kifi. In ya dawo zai karɓe ta."

"To ni zan tare a gidanku."

Ta dube shi. "Danginka za su ce ni na aure ka."

"Su faɗa. Majinyata nawa na ɗaga a aikin nan?"

Ta mayar da ido kan tafkin. Namijin bai dawo ba tukuna. Ta ɗan matsa, ta karkata masa wayar.