Rufin Ɗakin Manomin Albasa

Tanimu, gyara zama. Ka ce kai da ƙaninka za ku koma gidan mahaifinku ku zauna tare, amma kun yi sharaɗi ba wanda zai rage komai daga abin da ya saba. To, madalla. Ni tsohon kafinta ne, ban iya wa'azi ba, katako na sani. Bari in ba ka labarin wani rufi.

An yi wani manomin albasa da ya sami fili a wata fadama mai nisa, inda babu ko bukka. Mutum ne mai son ƙirƙira, ga tambaya kamar ɗan jarida. Sai ya ce shi ɗakinsa zai riƙa ja a bayan motarsa. Ya samo ƙafafun wata tsohuwar mota, mai walda ya ɗora musu gadon ƙarfe, ya kai wa wani kafinta ya gina ɗaki a kai da falankin nan mai faɗi da muke kira filawud. Kada ka tambaye ni ko ni ne kafintan. Shi filawud tsawonsa ƙafa takwas ne, ɗakin kuwa ƙafa goma sha biyu, don haka dole a yi haɗi. Kafinta ya fara da bangaye. Ya feƙe bakin wannan falanki a karkace, faɗin tafin hannu, har ya yi sirara kamar bakin wuƙa. Ya feƙe na ɗayan, ya shafe su da gam, ya kwantar da wannan a kan wancan, ya danne da bulo kwana biyu. Ranar da zai yi rufi sai ga manomi ya zo kallo. Ya tsuguna, ya ɗebi ɓawon katakon da ya zube a ƙasa, yana murzawa yana tambaya: wannan na mene ne, wancan don me? Da ya gane lafiyayyen falankinsa ake feƙewa, sai ya miƙe. "Haba Malam! Katako ƙalau ka mai da shi makamashi? Kuma in zauna jiran gam kwana biyu, damina na ƙarewa?" Kafinta ya ce baki da baki gaisuwa ce kawai, ba riƙo ba, sai kowanne ya ba da wani abu daga jikinsa sannan su kama juna. Manomi ya ce ai ƙusa ba ta ƙarya. Aka kara falankai baki da baki, aka jera ƙusoshi kamar haƙoran taje, aka cike layin, aka bi da fenti kore. Wallahi ya yi kyau. In ka gan shi sai ka ce kafintan ne mai taurin kai.

To, abin da manomin nan ya fi ji da shi a duniya wata 'yar jaka ce ta irin albasa. Irin mahaifinsa ne, jar albasa mai daɗewa a rumbu ba ta ruɓe ba, kuma a duk garin ba wanda ya rage da shi sai shi. Don tsoron laima da ɓera ya rataye jakar can sama, a jikin rufi, daidai tsakiya. Hanyar fadama kuwa ka san ta: gargada, rami, kwazazzabo. Duk faɗawar da taya ta yi, ɗakin ya murɗa, falankin gaba ya ja nasa wuri, na baya ya ja nasa, kowace ƙusa tana faɗaɗa raminta kaɗan-kaɗan. Kafin a isa, layin ya buɗe, buɗewar da ba ta fi silin gashi ba. Shi bai ma gani ba. Ya bar ɗakin a gindin wata tsamiya ya shiga gyaran fili. Aka yi ruwan ƙarshen damina sau biyu, ba wani ruwan kirki ba. Da yake shimfiɗarsa tana gefe, ko ɗigo bai taɓa shi ba, yana ta yabon ƙusoshinsa. Ranar da fili ya kammala ya miƙa hannu ya sauko da jaka, ya ji ta da nauyi, da sanyi. Ya kwance. Irin ya tsira a ciki, ya cure, ya yi fumfuna, ko cikin cokali bai fita ba. Abin da ya fi ba ni tausayi, duk da haka halinsa na tambaya bai bar shi ba. Ya hau rufi ya zura farce a tsagar, farce ya shige. Ya sauko ya bi bango da yatsa yana neman inda aka yi haɗin da ya ce ɓarna ce. Ya bi ya dawo, ya sake bi, bai same shi ba. Nan ya zauna a ƙasa da jakar a cinya. Katako ana sake saye, Tanimu, amma irin nan daga ranar ya ƙare.

Kai da ƙaninka falankai ne masu kyau, ban ce ba. Amma yadda kuka shirya ɗin nan, baki da baki ne, fenti kawai za ku shafa. Kuma abin da za ku rataya a ƙarƙashin haɗin ya fi irin albasa: tsohuwarku ce da 'ya'yanku. Je ka ka duba abin da za ka feƙe daga naka tun ba a hau gargada ba. Hausawa ba su faɗa a banza ba: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.