Dubiya a Ɗakin Kwalabe

Tun da aka hana gwada wa yaro sabon magani sai an fara gwada shi a kan ciwonsa, Laraba ta zama ranar dubiya a ɗakin kwalabe na asibiti. Goggo Tabawa ta je ganin ƙarin da ya sake tsirowa a ƙwaƙwalwar jikarta Siyama. An yanko guntunsa, ana rainonsa a kwalba mai sunan yarinyar.

Tana leƙawa, bakinta ya riga ta. "Sannu, Allah ya ba da lafiya."

"Goggo, a nan ba a wannan addu'ar," in ji Sista Rifkatu. "Duba, haɗin magani na uku ya cinye rabinsa. Jibi za mu fara ba Siyama."

Kwalbar gefe ta cika maƙil. An cire sunan jikinta tun da mai sunan ya rasu, amma ba a daina ciyar da ita ba.

Goggo ta kau da ido, ta gyara mayafi, ta matso da baki kusa da kwalbarsu.

"To kai, kada Allah ya tashi kafaɗarka. Gashin da ka sa aka aske mata, da hannuna zan kitse shi da Sallah."