Ƙwayar Tattasai Ita Ce Duniya

Saliha ta kife ƙwaryar a bakin rumfar lakwal, makarantar boko, ta fara ƙirga taki. A na arba'in ta tsaya, ta ɗora ƙwayar tattasai guda a tafin hannun Meram, yarinyar da ta fi kowa tambaya a ajin.

"Ƙwarya ce rana. Wannan kuma duniya. Kar ki yar da mu."

Yaran suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Wasan ba nata ba ne, na babanta ne, Malam Grema, wanda ya kafa rumfar nan a gefen kwalta, bayan garin Diffa, don 'ya'yan mutanen da suka taso daga ƙauyukan bakin Komadugu da abin da kai ya iya ɗauka kawai. Shi ya koya musu cewa Zara ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu. Shi ya bi bukka bukka yana roƙon iyaye, kuma don girmansa kaɗai suka bar yara talatin da ɗaya suna zama a tabarma, alhali tattasai ya nuna jajur a gonaki yana jiran masu tsinka.

Tun da ciwo ya sa aka tafi da shi Zinder, ajin ya faɗo kan Saliha. Ta bi shi can, ta yi kwanakinta, ta dawo da jakarsa da salularsa. Iyayen ba su ɓoye mata ba: idan Malam ya bar karatun, su ma za su kwashe 'ya'yansu. Wa zai bar gona don 'yar shekara ashirin da biyu?

Abin da ya riƙe ajin shi ne muryarsa. Duk Litinin da Alhamis takan jingina salular a bakin allo, ta kunna saƙo ɗaya. Malam zai yi sallama, ya yi tari, ya ce, "To, 'yan sama jannatina, ina muka tsaya?" Sai ka ji rumfar ta yi tsit. Ya kai su duniyar wata, inda sawun mutum ba ya gogewa don babu iska. Ya kai su jar duniyar nan mai duwatsu. Daga saƙo zuwa saƙo muryar tana ƙara sirancewa, yaran kuma suna ƙara matsowa.

Da farko sukan ba ta tambayoyi ta aika masa. Takan ce babu rezo a inda yake, waya ba ta shiga. Bayan mako biyu suka daina bayarwa, ita kuwa ba ta tsaya neman dalili ba. Kwanakin nan ba ta tsayawa neman dalilin komi. Tana cin abinci don lokacinsa ya yi, tana rubutu a allo don hannunta ya saba.

Saƙo goma ne a salular. Tara sun wuce.

Yau Alhamis. Da ta dawo da yaran cikin rumfa ta ƙirga kawuna: talatin da ɗaya, babu wanda ya yi fashi, har Kashim da yakan ɓace duk lokacin da aikin gona ya yi zafi. Sun yi wanka, sun sa kayan sallarsu da suka yi musu kaɗan. A bayan rumfa akwai kwanuka uku a rufe da faifai. Ta gan su, ta kau da kai. Ta san dai Litinin mai zuwa za ta tsaya a nan da salular da babu komi a cikinta, daga nan kuma sai tabarmi su zama nata ita kaɗai. Ta nemi tsoro a ranta ba ta samu ba, gajiya ce kawai.

Ta danna.

"'Yan sama jannatina," in ji muryar, da ƙyar, "haske ma matafiyi ne. Na rana yakan yi minti takwas kafin ya taɓa goshinku. Idan kun yi magariba ku ɗaga kai ku nemi Kaza da 'Ya'yanta. Hasken da za ku gani ya baro gida fiye da shekara ɗari huɗu, tun kakannin kakanninku ba su fara su a kogi ba. Wani tauraron ma yana iya mutuwa, haskensa na kan hanya, mu muna nan muna kallo." Ya yi dogon tari. "Kar ku raina shi don haka. Haske ne, ku yi aiki da shi."

Saƙon ya ƙare. Babu sallamar rufewa.

Saliha ta tsaya da alli a hannu. Duk hanya ta shirya abin da za ta ce, cewa Malam zai ɗan huta, likita ya hana shi magana.

Meram ce ta tashi. Har yanzu ƙwayar tattasan na dunƙule a hannunta. Ta je bayan rumfa ita da Kashim, suka ɗauko kwanukan suka jera a gaban allo, suka buɗe. Waina ce da gumba da dabino.

"Madam, ran Litinin ki sake sa mana daga na farko. Iyayenmu sun ce mu ci gaba da zuwa."

"Wannan fa na mene ne?" in ji Saliha, tana kallon gumbar.

Meram ta sunkuyar da kai. "Direban da ke kai tattasai Zinder ya faɗa mana tun ranar da Malam ya rasu. Mun ga ba ki son a sani, shi ya sa muka yi shiru. Amma Madam, yau arba'in ɗin Malam, ba ma so a ce ba mu yi masa sadaka ba."