Bugun da Ya Ƙi Mutuwa

Ranar da suka isa wurin binciken, igiyar ruwa ta hau bayan jirgin ruwansu, ta share bokitai da takalman roba da wata jakar kayan aiki. Injiniya Noreen Tulk ko waiwaye ba ta yi ba. Kwanaki take ƙirgawa.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da jirgin sama ya faɗa teku da mutum sittin da ɗaya. A jikin baƙin akwatinsa mai naɗar bayanai da muryar matuƙi akwai wata 'yar na'ura, tsawon tafin hannu, wadda ruwa na taɓa ta sai ta fara bugu don a ji inda akwatin yake. Kwana talatin batirinta yake yi, daga nan shiru. Jaridu kuwa tuni sun ɗora laifi a kan matuƙin, kuma akwatin ne kaɗai zai wanke shi. A tashar jiragen ruwa ta St. John's mahaifiyarsa ta riƙe hannun Noreen ta ce, "'Yata, ki kawo min muryarsa." Noreen ta yi alkawari.

Ba wanda ya fi ta jin haushin kwana talatin ɗin nan. Shekara tara da suka wuce ta ƙera mai kwana casa'in. Duk taron da za a yi a Ottawa, babban birnin ƙasar, sai ta je da ita, ta jefa ta a kofin ruwa, manya su saurara, su gyaɗa kai, su ce za a duba. Har yau ana dubawa. Ita kuma ta ci gaba da yawo da abarta ko'ina, naɗe da jan tef, kamar yadda take naɗa wa kofinta da cokalinta, don mutanen jirgi ba su san na wani ba.

Sati biyu suna jan na'urar sauraro a ƙarƙashin ruwa ba su ji komai ba. Kyaftin Eldred Pardy, wanda ya tsufa a wannan teku, ya ce a nufi arewa, can ruwa ke kai kaya. Har sun juya sai Noreen ta ɗaga hannu. Can ƙasa-ƙasa, daga kudu, bugu ɗaya kowace daƙiƙa.

"Injiniya, nan fa muka fara," in ji Kyaftin. "Ba mu ga ko ɗigon mai ba."

"Kai kifi ka iya nema, Kyaftin. Ka bar min wannan."

"To, ranki ya daɗe. Ni direbanki ne kawai."

Suka koma kudu. Kwana biyar ɗin da suka rage a nan suka ƙare, suna kai da kawowa. Kwana talatin ya cika, bugun bai tsaya ba. Talatin da biyar, yana nan daram. Noreen ta kira mahaifiyar matuƙin a waya ta ce ta kwantar da hankalinta, an kusa. Kyaftin dai sai ya tsaya yana kallon arewa, inda yanzu ko akwai wani abu ya riga ya yi shiru.

Ranar talatin da tara teku ta lafa, aka saukar da na'urar nutso mai kyamara. Kowa ya taru gaban allo. Fitila ta haska laka, sai laka, sai kuma laka. Babu fiffike, babu kujera. Bugun kuwa ya cika ɗakin.

Sai ga takalmin roba ƙafa ɗaya. Kusa da shi jakar kayan aiki ce baki buɗe, a gefenta kuma 'yar na'ura kwance tana ta aikinta babu gajiya, naɗe da jan tef.